Ranar da Bappa Ya Duba Haƙoran Mas'ud

Don Allah, don Annabi, kada wanda ya sake turo mini bidiyon nan. Na gani. Ƙawayena sun turo, matar maƙwabcinmu ta turo, har wata gwaggona ta Ruwan Gizo da ban san tana da babbar waya ba ta turo, ta haɗa da muryarta tana salati. Eh, Mas'ud ne a ciki. Eh, shi ne mai nemana da aure. A'a, abin da ke cikin kwalbar ba kodin ba ne. Zoɓo ne, kuma ni Naja'atu na dafa shi da hannuna, har kanumfari na sa masa.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda yau suka shigo.

Ni ɗiyar mahauta ce a Talata Mafara. Babana tun kafin a haife ni yake yanka, yana da teburinsa a kasuwa. Ni kuma ina aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi. Mas'ud malamin sakandare ne. Shi ya tara ɗalibansa suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, suna zagaya makarantu a Mafara da Bakura, har Maradun in hanya ta yi kyau. Wasan kan shaye-shaye ne, tiramol da kodin da sholisho. In sun gama sai in tashi da farar rigata in yi bayanin abin da ƙwaya ke yi wa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Da can ni kaɗai nake zuwa da takardata, yara na hamma, na baya na jifan juna da alli. Tun da aka fara wasan nan, layi suke yi mini bayan an tashi, kowa da tambayarsa a kan “wani abokina”. Ni da su duk mun san waye abokin.

To a wasan akwai uwa, akwai mai kemis, akwai likita, duk ɗalibai ne. Ɗan ƙwaya ne babu. Ba uban da ya yarda ɗansa ya fito a haka, don a garin nan in ka fito a ɓarawo sau ɗaya, har ka yi jika Ɓarawo za a riƙa kiranka. Sai Mas'ud ya ce shi zai yi. Na ce masa ya bari a sa hula da gemun auduga yadda ba za a gane shi ba. Ya ce yara ba su tsoron gemun auduga.

Wani ɗan albarka ya tsaya ta taga a wata makaranta a Bakura ya ɗauke shi. Rabin minti kacal. Ba ɗalibai, ba allo, ba ni da farar rigata. Sai Mas'ud jingine da bango da kwalba a hannun riga, ido ya sauko rabi, yana sosa gefen wuya da bayan babban yatsa a hankali, yana jan dugadugin takalmin hagu.

Wannan bidiyon ya fito ne ranar Juma'a. Baba kuma ya riga ya ba magabatan Mas'ud Asabar ta sama su zo neman aure.

Kun san ba a ba da ɗiya sai an yi bincike, kuma a gidanmu binciken na Bappa Sallau ne, yayan Baba, dillalin shanu a Maradun. Mutumin da in saniya ta taka sau uku a gabansa zai faɗa maka ciwon da ta yi bara. Ranar Lahadi da hantsi sai ga shi da babbar rigarsa ruwan ƙasa da sandarsa, wayar a hannu kamar ya kamo ɓarawo. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da hanya da gajiya da mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsugune ƙafata har ta yi sanyi. Sannan ya miƙa wa Baba wayar.

Baba ya kawar da kai. “Ni ba ni kallon tsiraicin mutum cikin waya, Yaya. Hwaɗa mini da baki.”

“Wanga yaro shina sha,” in ji Bappa. “Magana ta ƙare.”

Na ce, “Bappa, wasa ne fa. Zoɓo ne a kwalbar.”

“Ke kika gani?”

“Ni na dafa.”

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. “Au. Har kin fara dahwa mai? Ba a ɗaura ba?”

Na so ƙasa ta tsage. Ya ci gaba, “Ɗiyata, shekara arba'in ina kara, cikin kasuwar shanu. Na ga sa da anka ɗura ma ruwan gishiri don ya kumbura, na ga tsohuwar saniya da anka goge ma ƙaho don ta koma budurwa. Ana yin ƙaryar jiki, amma ba a yin ƙaryar tahiya. Dubi ƙahwar nan. Dubi yadda ake gaishe shi sai gaisuwa ta wuce sannan ya amsa. Mai wasa tangaɗi yake yi, ya hwaɗi, ya tashi, a yi dariya. Wanga ba ya tangaɗi. Wanga ya san abin.”

Kuma abin haushin, gaskiyarsa. Ba a ƙirƙirar wannan tafiyar. Ni tun ranar farko da na ga Mas'ud ya yi ta a gaban yara, na san mai ita. Kullum bayan la'asar tana shigowa gidanmu. Tafiyar Yaya Tasi'u ce.

Yaya Tasi'u shi kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. Da asuba yake bin Baba mayanka, ya kayar da sa, ya feɗe, ya ɗauki cinya biyu a kafaɗa, aikin mutum uku. Baba yana alfahari da shi a gaban mahauta. Bai san tiramol ke kayar da san ba. Da yamma kuma sai kwalbar kodin, don jiki ya sauka. Kafin Baba ya dawo daga kasuwa Inna ta riga ta tura shi ɗaki ta saki labule, in an tambaya ta ce gajiya ce. Shekara biyu muna haka, ni da ita, ba mu taɓa faɗin sunan abin ba ko tsakaninmu.

Baba ya ja carbinsa, sannan ya ce shi ba ya yanke wa mutum hukunci a kan rabin minti. Nan Bappa ya kawo dabararsa. Wai in ka yi shakkar dabba, ba ka saye a take, sai ka ɗaure ta a gabanka yini guda ka ga abin da za ta yi in abin da aka ba ta ya sake ta. Don haka ranar Talata, ranar kasuwa, Mas'ud zai yini tare da shi a kara tun daga sallar asuba har la'asar, ba ya cin komai sai abin da Bappa ya ba shi. Daga nan a kawo shi zaurenmu ya yi wasan a gaban Baba. In ya yi daidai da na bidiyo alhali cikinsa ba komai, to wasa ne, Asabar tana nan. In ya kasa, to ranar Bakura a buge yake, kada ya sake taka ƙofar gidan.

Jama'a, saurayina ne fa. Mai digiri. Za a ɗaure shi a turke.

Ina shiga madafa Inna ta biyo ni, ta ja ƙyauren langa-langa. Tana ta goge murfin tukunyar da ba abin da ya same shi.

“Kin ga bidiyon, Inna?”

“Na gani.”

“Kin gane?”

Ta ce, “In yaron nan ya yi wagga tahiya gaban babanku, ya gama da mu. Kin san shi. Wuƙa zai karɓe, ya kori Tasi'u daga mayanka, kuma duk kasuwa sai ta ji. Wa zai ba shi mata bayan haka?”

“Ni fa, Inna? Wa zai ba ni miji?”

“Ke mace ce mai aiki, kina da kyau. Wani zai zo.”

Wani zai zo. Kamar motar Gusau.

Na shige ɗaki na jawo waya.

Ni: Ka ji hukuncin Bappa?

Mas'ud: Na ji. Ya aiko. Zan je in sha Allah.

Ni: To ka yi shi sak yadda ka saba. Kada ka rage komai.

Mas'ud: Naja, in na yi sak Baba zai gane.

Ni: Ashe ka san na sani.

Mas'ud: Na ga fuskarki ranar farko.

Ni: To leƙensa kake yi kana kwaikwaya? Yayana ne fa.

Ya daɗe yana rubutu. Abin da ya turo ya sa na zauna a bakin gado. Wai ba leƙe ba ne. Farkon fara wasan, tangaɗi yake yi irin na masu ba da dariya, yara na ƙyaƙyatawa. Wata rana Yaya Tasi'u ya kai nama ɗakin girkin makarantar, ya tsaya daga baya ya kalla. Da aka tashi ya same shi ya ce, Malam, ba haka ake yi ba, in haka ne ma yaran sha'awa za su yi. Shi ya ja shi bayan aji ya koya masa, ido da wuya da ƙafa, har yadda harshe ke nauyi. Ya ce a nuna musu yadda abin yake don kada su zama shi. Sharaɗinsa ɗaya, kada kowa ya san inda aka samo. Mas'ud ya ce wallahi.

Ni: To yanzu auren namu fa?

Mas'ud: Allah zai kawo mafita.

Ni: Allah ya kawo, ita ce ka yi wasanka daidai.

Mas'ud: Na yi rantsuwa, Naja.

Ni: Ni ma ka yi mini ai. A ƙofar asibiti, gaban mai lemo.

Ya turo hoton zuciya. Zuciya! Na kife wayar.

Ranar Talata ban je aiki ba, na ce kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba. Labarin kara daga bakin Lantana na riƙa samunsa, ƙawata mai sayar da fura a bakin shiga, tana turo murya tana dariya har numfashinta na ɗaukewa.

“Naja'atu, ga angonki nan ya zo da farar shadda da hula zanna, an tsayar da shi cikin kashin shanu. Bappanki ya zazzage masa aljihu, ya cire hular ya leƙa ciki, ya karɓe wayar.”

Can kuma: “Wallahi ya ce ya buɗe baki. Ya ɗaga masa leɓe yana duba haƙora. Ya ja fatar ido. Dillalai sun kewaye su, wani na cewa nawa aka taya.”

Da azahar: “Ya nemi zagayawa, Bappa ya raka shi har ƙofa ya tsaya da sanda. Fura ma a gabansa na dama, sai da ya ɗanɗana kafin ya miƙa masa.”

Na ce mata ta daina dariya. Ta ce ai ko ita aka yi wa miji irin wannan binciken da ba ta sha wahalar da ta sha ba.

Bayan la'asar suka iso. Yaya Tasi'u ya riga su shigowa, Inna ta riga ta saki labulensa. Ni na sa atamfata kore da mayafi ruwan madara, ban san don wa ba, tunda bayan ƙofar zaure zan laɓe. Ta tsagar ƙyaure ina ganin komai. Baba a kan buzunsa. Bappa a kan tabarma, waya a cinya. Mas'ud a tsaye, shaddar ta koma kalar ƙasa, rana ta gasa shi, amma ya tsuguna ya yi gaisuwa cikakkiya kamar ba shi aka yini ana dubawa ba. Inna ta zo ta tsaya a bayana, ina jin numfashinta a wuyana.

Bappa ya miƙa masa kwalbar da ya sa aka wanke a gabansa aka zuba ruwa. “Bismilla.”

Mas'ud ya karɓa. Ya dubi Baba. Ya dubi ƙofar da nake, kamar ya san ina nan. Sai ya ɗaga kwalbar ya kwankwaɗa, ya fara tangaɗi. Ya yi dama, ya yi hagu, ya bangaji bango, ya murguɗa baki yana waƙar shirme, ya zube ƙasa yana harba ƙafa sama kamar akuyar da aka kayar.

Na rufe ido. Inna ta sauke ajiyar zuciya.

“Tashi,” in ji Bappa. “Tashi, kada ka ɓata sauran shaddar.” Ya juya ga Baba. “Ka gani? Wanga shi ne wasa. Na cikin waya ba shi ne ba. Cikinsa ba komai, ya kasa. Mi ya rage?”

Baba ya ce, “Malam Mas'udu, iyakar iyawarka ke nan?”

“Iyakarta ke nan, Baba.”

“Ba ka da abin cewa?”

“Babu, Baba.”

“To Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ka hwaɗa ma mutanenka su huta da zuwa.”

Mas'ud ya ce na gode. Na gode fa! Ya sunkuya yana kakkaɓe hularsa, ya nufi takalmansa.

Ban san lokacin da na tura ƙyauren ba. Inna ta cafki mayafina, na bar mata shi a hannu. Na faɗa zaure kai ba lulluɓi, na durƙusa.

“Baba, a gafarce ni. A kira Yaya Tasi'u.”

“Mi ya kawo Tasi'u cikin wagga magana?”

“A kira shi kawai ya zo ya gaishe da Bappa. Ai bai gaishe shi ba tun da ya zo.”

Mas'ud ya ce, “Naja'atu,” a hankali, irin na roƙo. Ko kallonsa ban yi ba.

Daga bayan ƙofa Inna ta ce, “Barci yake, Malam. Gajiya ce.”

Baba ya dubi ƙofar, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. “A tashe shi.”

Daga ɗakin Yaya zuwa zaure bai fi taku ashirin ba, amma kafin ya iso mun ji shi. Takalmin hagu na jan ƙasa. Ya shigo da singileti da wandon aiki, ido ya sauko rabi. Ya jingina da bango kafin ya tuna ya kamata ya tsuguna.

Bappa ya ce, “Tasi'u, an wuni lahiya?”

Yaya Tasi'u ya ɗaga hannu ya sosa gefen wuya da bayan babban yatsa, a hankali. Sai da Bappa ya buɗe baki zai sake magana sannan ya ce, “Lafiya... lau, Bappa.”

Bappa Sallau, mai shekara arba'in a kara, ya dubi wayar cinyarsa, ya dubi ɗan ƙanensa. Baba ne ya miƙa hannu.

“Ba ni wayar.”

Ya kalla har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa. Sannan ya ajiye ta a kan buzu fuska ƙasa.

“Malam Mas'udu, aje takalman. Zauna. Tun yaushe ka sani?”

Mas'ud ya sunkuyar da kai. Yaya Tasi'u ne ya amsa, harshe na nauyi, hawaye na bin fuskarsa bai ko share ba. “Ni na koya mai, Baba. Na ce kada ya faɗa. Don yaran... don kada su yi.”

Ana kiran sallar magariba a masallacin unguwa, Baba ya miƙe, ya kama Yaya Tasi'u a damtse ya ɗaga shi kamar ƙaramin yaro. Ya ce ba mayanka gobe, asibiti za su, kuma Malam Mas'udu ya zo da safe ya raka su tunda shi ya san kan abin. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. “Asabar tana nan.”

Bappa ya miƙa wa Mas'ud wayarsa da ya karɓe tun asuba, ya ce, “Haƙoranka dai lahiya lau suke.” Iyakar ban haƙurin ke nan.

Inna ta wurgo mini mayafina a tsakar gida ta shige ɗaki. Tuwon da ta zuba mini ko miya ba ta sa ba. Na ce ba komai, zan jure, ai na tsira da aurena. Ina idar da sallah waya ta yi ƙara, na ɗauka da murmushina, ina jiran godiya.

Mas'ud: Me ya sa kika yi haka?

Ni: Ban gane ba.

Mas'ud: Ya yarda da ni. Wata bakwai ina lallaɓa shi ya je asibiti da ƙafarsa, saura kaɗan. Kin tona shi a gaban Bappa.

Ni: Wata bakwai kana lallaɓawa, ni shekara biyu ina rufewa, me ya ƙaru? Kuma da ban fito ba da yanzu kana gida ba mata.

Mas'ud: Da na sake dawowa. Ki ba ni lokaci in yi tunani kan Asabar.

Ku ji fa. Ni na fita gaban iyaye kai ba mayafi, ni uwata ta daina yi wa magana, shi kuma zai yi tunani. Na rubuta masa abin da ya cika allon wayar, na goge. Na sake rubutawa har da maganar haƙora, na goge. A ƙarshe ga abin da na tura:

“Yi tunaninka, Asabar da sauran kwana huɗu. Amma gobe ƙarfe bakwai Baba zai fito da Yaya, ya ce kai za ka riƙe ɗaya hannun. Wannan ba ta jiran tunani.”

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa. Na ci tuwona gaya, na wanke kwano, na zauna na rubuta muku duk wannan, kuma har yanzu saman wayar cewa yake yana rubutu.